Mun je fadamar Nguru, kachala na neman cinye ruwan

Hanyar Kano zuwa Haɗejiya ba wani labari, barci na yi ta yi a mota. Wani abokina da ke koyar da bayoloji a jami'a ne zai kai ɗalibansa fadamar Haɗejiya da Nguru, ya ce akwai sauran kujera a bas, ni kuma da nake koyar da darasin a sakandare na ce ai ba za a bar ni a baya ba. Tsakiyar hunturu ne, hazo ko'ina, leɓe duk ya tsage.

Bayan mun wuce Haɗejiya aka tsayar da mu a wani shinge. Mutumin ko sallama babu, ya ɗaga but ya ga akwatin katako, ya ce meye wannan. Aka ce maikiroskof ne ranka ya daɗe, na duba ƙananan halittu. Ya ce a buɗe, aka buɗe, ya ɗauke shi da hannu ɗaya yana jujjuyawa, har ya kara ido ta ƙasa wai ko kyamara ce. Abokina zuciyarsa kamar ta faɗo, don kayan makaranta ne kuma shi ya sa hannu ya karɓo. Takardar izini na hannunmu amma bai ko kalle ta ba, abin da yake so daban ne, mu kuma muka yi kamar ba mu gane ba, da ya gaji ya ce mu ɓace masa da gani. Allah ya kyauta.

Nguru gari ne mai tarihi, nan layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya, amma mu ruwa ya kai mu. Da sassafe muka sauka bakin tafki neman kwalekwale. Na farko da muka taya, yana jin Hausarmu ya gane baƙi ne, ya yanka kuɗin da ko ɗan adaidaita a Kano ranar sallah zai ji kunyar faɗa. Muna cikin ciniki sai wani dattijo da ke gyaran koma ya ɗago ya ce, "Malam, karatu ya kawo ku? To ku shigo nawa, abin da ya sauwaƙa ku bayar." Shi ne Baba, kuma gaskiya shi ya koyar da darasin ranar.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ruwan ma da kyar ake ganinsa. Ciyawa ce doguwa, ta fi tsayin mutum, kanta da zangarniya ruwan ƙasa, ta tsaya dama da hagu, sai ɗan lungun da masunta suka sare suke bi. Kachala ke nan. Baba ya ce yana yaro ba haka wurin yake ba, damina ta yi kogi ya cika ya malale fadama, kifi ya bi ruwa ya yi ƙwai a cikin ciyawa, a shuka shinkafa, in ruwa ya janye a yi noman rani a danshin da ya bari, Fulani su kawo shanu su ci abin da ya saura, sannan wuri ya bushe ƙarmas har wata shekara. Bushewar nan ita ke hana kachala sakat. To an gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa, sai ambaliyar damina ta ragu, kuma da rani ana sako ruwa saboda noman rani, wasu magudanan suka daina bushewa gaba ɗaya, laka ta taru, kachala ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ruwa ya yi masa yawa ya ci gona, wani garin can gaba kuma ruwan ba ya isa.

Na yi shiru a kwalekwalen nan, don tumatirin Kadawa da muke ci a Kano da ruwan Tiga ake nomansa. A aji kullum muna zana kibiya a allo, ciyawa zuwa fara, fara zuwa kwaɗo, kwaɗo zuwa maciji, yara su haddace su rubuta a jarrabawa. A nan kibiyoyin sun fi ƙarfin allo. Kachala ta zama makwancin jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka a gonar shinkafa da gero dubbai-dubbai su bar manomi da kara. Dodon-koɗi na ruwa ya samu mafaka a gindinta, shi kuma a jikinsa tsutsar tsargiya ke girma kafin ta fito ta huda fatar yaron da ya shiga wanka, ƙwanta ya fita ta fitsari ya koma ruwa, haka abin ke zagayawa. Sauro ma ya samu gida. Duk daga canza lokacin da ruwa ke zuwa da lokacin da yake tafiya.

Da rana ta ɗaga muka fito wani ɗan tudu ƙarƙashin goriba, aka kafa maikiroskof ɗin, irin mai madubi ne da ke aiki da hasken rana, ba ruwansa da wutar lantarki. Wata ɗaliba ta ɗebo koren gansakukan nan mai santsi da ke bakin ruwa, ta ɗiga a gilashi. Kai jama'a! Zare-zare ne, kowane zare ɗakuna ne a jere, kowane ɗaki ƙwayar halitta ɗaya da bangonta, a ciki kuma wani koren ƙyalle ya nannaɗe yana zagaye. Wannan koren shi ke kama hasken rana ya haɗa ruwa da iskar da muke fitarwa ya yi sukari, ya saki oksijin, shi ya sa in rana ta yi zafi za ka ga 'yan kumfa a jikin gansakukan. Karfasa ta ci shi, zalɓe ya ci karfasa, mu ma mu ci. Can sai wani abu mai siffar tafin silifa ya gitta da gudu, gashi ƙanana a jikinsa suna kaɗawa, faramisiyam ke nan, ƙwaya ɗaya tal amma yana ci yana kasayarwa yana gujewa haɗari, in ya girma ya rabe biyu. A makarantarmu fatar albasa kawai muke nunawa yara, ita kuma ba ta motsi, shi ya sa suke hamma. Tun 1665 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Robert Hooke, ya ga ɗakunan nan a ɓawon itace, amma har yau akwai ɗalibin da zai gama sakandare bai taɓa kara ido a na'urar ba, wannan abin yana ci min rai.

Muka ce Baba ya zo ya gani. Ya rufe ido ɗaya ya daɗe a sunkuye, ya ɗago ya kalli tafkin ya ce, "Ɗana, wannan ruwan ne dai da na ɗiba na sha ɗazu?" Dariya har da masu riƙe ciki. Ya ce to shekara nawa yana sha, ai sun saba da juna.

Shi ma ya rama. Ya kai mu wani busasshen wuri, ƙasa ta tsattsage, ya nuna wani ɗan rami da ko ɗan yatsa da kyar zai shiga, ya sa yaronsa ya haƙa a hankali, sai ga gaiwa a naɗe cikin wata busasshiyar jaka da ta yi da majinar jikinta. Kifi ne mai huhu, iska yake shaƙa ta ramin nan, ya rage aikin jikinsa ya kwanta watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Wani ɗalibi ya ce to Baba me take ci, ya ce jikinta mana. Kuma haka ne, tsokarta take narkarwa a hankali.

Tsuntsaye kam ba a magana. Kirinjijiya garke-garke suna fito, ɗinya, balbela, jinjimi, da wasu agwagi da 'yan ƙananan masu dogon ƙafa da abokina ya ce daga Turai suke, suna tara kitse a jiki su ƙetare Sahara da shi su yi hunturu a nan. Saboda su ne ma aka sa tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2000.

Da yamma Baba ya ja mu gidansa dole, tuwon shinkafa da miyar kuka, tarwaɗa a ciki manya-manya, ba irin ta kududdufin roba da ake gasa mana a Kano a caje mu kuɗin nama ba, wannan ɗanɗanonta daban. Muka miƙa kuɗin kwalekwale ya ƙirga ya mayar da kusan rabi, wai ɗalibai ne. A birni wa zai yi maka haka? Har 'yan matasan garin ma in ka yi tambaya sai sun raka ka, ba nuni da baki ba. Sai dai masauki, a nan an cuce mu, ɗaki ba ruwa, sauro kamar ya ɗauke mutum duk da sanyin, kuɗin kuma ba sauƙi.

Washegari muka bi hanyar Gashuwa muka leƙa Dagona, wurin da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa, hazo ya yi yawa ba mu ga abin kirki ba. Na sayi bandar kifi a hanya, na farko ya ƙi ragi na wuce gaba, na biyu ya cika min kwali da kuɗin da a Kano rabinsa ba zai ba ni ba. Daga nan sai gida, taya ta yi faci sau ɗaya, direba ya yi ta mita har muka shigo gari bayan isha.