Na kashe Ganon, wasan kuma ya mayar da ni bakin ƙofarsa

'Yan'uwa masu koyo, ga inda na kwana a wasan bidiyon nan The Legend of Zelda: Breath of the Wild. Na san wasan ya fito tun Maris na 2017, amma ni sai bana na riƙe shi da gaske a kan Switch, na'urar wasa ta Nintendo, kuma na ga da yawanmu haka muke, muna bin sawun waɗanda suka riga mu.

Makonni uku da suka wuce na shiga fadar Hyrule na gama da Calamity Ganon, babban mugun wasan. Sunayen waɗanda suka ƙera wasan suka gama wucewa, na gyara zama ina jiran a sake ni cikin ƙasar da ta samu lafiya, in je in ga fadar babu wannan baƙin hayaƙi. Ina! Allon farko aka dawo da ni. Na buɗe ajiyata, wato inda wasan ke adana ci gabana, sai ga Link, jarumin da ake wasa da shi, tsaye a inda yake kafin faɗan ƙarshe, Ganon na nan da ransa, kibiyoyin da na harba duk sun koma cikin kwari, abincin da na cinye ya dawo jaka. Na ɗauka nasarar ce ba ta shiga ba, har na fara shirin sake faɗan. Sai na lura da ɗan tauraro a jikin ajiyar. Shi ne shaidar. Wasan ba shi da wata duniya ta bayan Ganon. Ko sau goma ka kashe shi, bakin ƙofarsa za ka dawo, kuma aikin kashe shi zai ci gaba da zama a jerin ayyukanka kamar ba ka taɓa yi ba.

Abin da tauraron ke buɗewa kaɗan ne, amma ya canja mini yadda nake wasa. Jerin ayyuka ya fara nuna adadi: ƙananan ayyuka 76 ne, na ɗakunan gwaji (shrines, inda ake gwada basira da ƙarfin Link) 42, kuma kana ganin nawa ka yi. Kilton, mai shagon nan da ba ya buɗewa sai dare, ya fara lissafa maka manyan dodanni: Hinox 40, Talus 40, Molduga 4, da lambar yabo ga wanda ya gama da kowane rukuni. Sannan a kusurwar taswira wata lamba ta fito. Tawa kashi 22 ce da ɗan ɗoriya. Bayan duk wahalar da na sha!

Kwana biyu raina a ɓace, kafin in fahimci abin da lambar ke ƙirgawa. Taswira kawai take aunawa: wuraren da sunansu ya bayyana, ɗakunan gwaji 120, manyan injinan nan huɗu masu siffar giwa da tsuntsu da ƙadangare da raƙumi, da kuma 'ya'yan itace 900 da ake karɓa daga Korok, ƙananan halittun daji da ke ɓoye ko'ina. Kowane ɗaya nauyinsa ɗaya, wajen 0.08 cikin ɗari. Ke nan ɗaga dutse a kan tsauni ka sami Korok daidai yake da ƙwato injin giwa daga hannun Ganon. Korok kaɗai sun cinye kusan kashi 72. Ƙananan ayyuka kuwa ba sa cikin lissafin sam. Da na gane haka sai na daina kallon lambar a matsayin makin jarrabawa.

Yanzu batun ajiya, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan, domin a nan na ƙone hannu.

Kowane asusu a na'urar gurabe shida yake da su: ɗaya na ajiyar da kai kake yi da hannunka, biyar na wadda wasan ke yi da kansa. Biyar ɗin nan juyawa suke, sabuwa ta shigo, mafi tsufa ta fita. Kuma saurin juyawarsu ya fi yadda mutum ke zato, don wasan na ajiyewa idan ka isa sabon wuri, idan ka fito daga ɗakin gwaji, idan ka sami Korok. A ranar da abin ya same ni, na ci karo da wani Lynel mai azurfa, dodon nan mai kan zaki da jikin doki, tsoro ya kama ni, na harbe shi da tsohuwar kibiyar nan ta ƙabilar Sheikah. Ya ɓace ɓat, da takobinsa da bakansa da ƙahonsa, don haka kibiyar take yi wa duk abin da ba Guardian (injinan yaƙin nan) ba, in ban da manyan dodanni. Na ce ba komai, zan koma baya. Amma maimakon in koma nan take, sai na biye wa wasu Korok biyu da na hango, na leƙa wani ɗakin gwaji, na yi tsalle zuwa wata hasumiya. Da na buɗe jerin ajiya, duka biyar ɗin bayan harbin suke. Ta hannuna kuwa ta kwana huɗu ce. Laifina ne ɗungurungum. Sai da na jira jan wata ya fito ya dawo da dodanni kafin in sake samun Lynel ɗin, kibiyar kuma ta tafi ke nan.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Ajiyar hannu ba ta kowane minti ba ce, turke ce. Ina yin ta kafin abin da zan iya yin nadamarsa: kafin faɗa da Lynel, kafin sayar da duwatsu masu daraja da ƙila a buƙace su wajen inganta sulke, kafin in hau garkuwa mai tsada in sulala daga kan dutse. Ba na sake taɓa ta sai abin ya wuce lafiya. Idan kuma kuskure ya faru, a take nake tsayawa in buɗe jerin, ba na ƙara taku ɗaya. Akwai wuraren da ma ba a barin ka ajiye, irin tsibirin Eventide da ake karɓe maka kaya a bakin ruwa, don haka kafin ka taka yashinsa ka kafa turkenka.

Abu na biyu, kuma wannan ya fi haɗari: sabon wasa a kan asusu ɗaya yana share tsohon gaba ɗaya. Akwai gargaɗi, amma yaro ba ya karanta gargaɗi. Ƙanena ya so ya fara nasa, Allah ya sa ina kusa. Na buɗe masa asusunsa daban, tunda Switch na ɗaukar har takwas, kowa da gurabensa shida. Ni ma na buɗe na biyu don ranar da marmarin farawa daga tudun farko ya taso mini. Ku kuma sani ajiyar a cikin na'urar take zaune, ba a katin wasan ba, ba kuma a katin ƙarin ma'aji ba. Wanda ya ari katinka bai ɗauki tafiyarka ba, amma idan na'urar ta lalace tafiyar ta bi ta, sai fa in kana biyan Nintendo Switch Online kuma ka kunna kwafin da ake ajiyewa ta intanet. Master Mode, salon wasan mai ƙarin wahala wanda ke cikin ƙarin da ake saya daban, gurabensa daban ne, ba ya taɓa na asali, sai dai biyu kacal ne, ɗaya na hannu ɗaya na wasan. A can dokar turke ta fi tsanani.

To me nake yi yanzu da babu Ganon da zan tsorata da shi? Na zaɓi iyakata da kaina. Ɗakunan gwaji zan gama duka 120, don su ne daɗin wasan a wurina, kuma akwai koren tufafi da ke jiran wanda ya kammala a wani tsohon haikali, Forgotten Temple. Ina kan 97. Korok kuwa 441 ake buƙata don Hestu, wani babban Korok, ya buɗe dukkan guraben makamai da baka da garkuwa, a nan zan tsaya. Kyautar wanda ya tara 900 wani ɗan tulin zinariya ne mai siffar kashi, ba ya yin komai, kuma ina ganin masu wasan da gangan suka yi don su yi mana dariya. Wanda ke jin daɗin farautarsu ya ci gaba, ban hana ba.

Hotunan tunawa 12 da ke cikin allon Sheikah da Link ke ɗauke da shi, waɗanda ake neman wuraren da aka ɗauke su, su ma na bar uku a baya, ga na 13 da dattijuwa Impa ke nunawa bayan an gama su. Ashe sai da su duka ake ganin ƙarin yanki a ƙarshen labarin, don haka dole in sake komawa wurin Ganon. A wannan karon ba na jin haushin cewa yana nan.

Daren jiya na sami biyu daga cikin ukun. Na ƙarshen na nuna wasu bishiyoyi da hanya, na zagaya dazuzzuka uku ban dace ba. Na sa alama a taswira inda nake zargi, na yi ajiyar hannu a gindin hasumiya mafi kusa, gobe daga nan zan tashi.