Kofin Kaka da fai ɗin tuffa

Shekara biyu bayan rasuwar Kaka, Allah ya jiƙanta, Baba yana gyaran akwatinta ya ci karo da wata takarda a naɗe, ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. Takardar ta yi ja saboda tsufa, kuma a gefe guda maiƙo ya taɓa ta har ana hango haske ta wurin. Rubutunta ne, mai karkata hagu kamar iska na kaɗa shi: fulawa kofi 3, bota giram 200, gishiri ɗan tsunkule, ruwa mai sanyi kaɗan, tuffa 7 masu tsami, suga, kirfa. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Ba ta faɗi zafin oben ba, ba ta faɗi minti nawa za a gasa ba, ba ta kuma faɗi me take nufi da "kaɗan" ba.

Wannan fai ɗin, wato tuffa da ake rufewa cikin kwaɓin fulawa a gasa, na tashi da shi. Duk ranar da za ta yi, nakan jawo 'yar kujera in zauna kusa da teburinta. Takan fere tuffa ba tare da ɓawon ya tsinke ba, ya sauko dogo yana murɗewa, ta miƙo mini in ci. Ragowar kwaɓin da ta yanke daga gefen faranti kuwa ba ta taɓa zubarwa ba: takan barbaɗa masa suga da kirfa ta gasa mini daban, shi ne ladan zaman da na yi. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, wato in sa hannu a kwaɓi. Da na miƙa yatsa sai ta ce, "'Yar nan, kauce, hannunki da zafi." A lokacin na ɗauka dabarar korar yara ce kawai.

Karon farko da na gwada, na bi takardar sau da ƙafa. Na auna fulawa da kofin awo irin na kasuwa, na murje botar a ciki, na zuba ruwa. Kwaɓin ya ƙi haɗuwa, sai wargajewa yake yi kamar rairayi. Na ƙara ruwa, na sake ƙarawa, na murza shi da ƙarfi har ya yi sumul, na ji daɗi a raina. Da ya fito daga oben ƙamshinsa daidai da nata, amma wuƙa da ƙyar ta ratsa saman, ƙasan kuma ya jiƙe sharkaf. Baba ya ci rabonsa duka, ya ajiye cokali ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Amma na Inna yakan narke a baki." Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini ciwo, domin ina ganin kamar ita ce na sake rasawa.

Sau huɗu ina maimaitawa ina samun abu ɗaya, kafin na kai kukana wurin Goggo. Ta karɓi takardar ta nisanta ta daga idonta tana karantawa, sai ta tambaye ni, "Da wane kofi kika auna?" Ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da wani ƙaramin kofin shayi fari mai zanen shuɗin fure, hannunsa ya karye tun kafin a haife ni. Ina ganinsa na gane shi. Kullum a cikin kwanon fulawar Kaka yake kwana, ban taɓa ganin an sha wani abu da shi ba. Na kai shi gida na ɗora a sikeli: cikinsa ɗaya fulawa giram 100 ne. Kofin awon da na yi amfani da shi, mai mililita 240, yana ɗaukar kusan giram 125. Ashe duk lokacin nan ina zuba giram 375 a inda take zuba 300. Fulawa ta yi wa botar yawa, shi ya sa kwaɓin ke wargajewa, shi ya sa nake ƙara ruwa, shi ya sa nake murzawa, kuma ruwa da murza su ne ke tayar da danƙon alkama, wanda ake nema a burodi amma yake mayar da ɓawon fai kamar fata. Kuskure ɗaya ne ya haifi sauran.

Abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne awon nata ya yi daidai da wanda masu sana'ar gashi suke koyarwa: kashi uku na fulawa, biyu na mai, ɗaya na ruwa, duka a nauyi. Ita ba ta da sikelin fulawa, kofinta da idonta ne suka kai ta can.

Maganar zafin hannu ma ba wasa take yi ba. Bota takan fara narkewa kafin zafi ya kai digiri 35, jikin mutum kuwa yana kusan 37, don haka tafin hannu kaɗai ya isa ya narkar da ita. Ana son ta shiga oben tana nan ƙanana-ƙananan dunƙule a cikin kwaɓi. Wajen kashi 80 cikin ɗari na bota mai ne, mafi yawan sauran ruwa ne, kuma wannan ruwan ne yake zama tururi a cikin zafi ya ɗaga kwaɓin ya bar shi hawa-hawa. In ta narke tun a kan tebur, fulawa ta shanye ta, babu abin da zai ɗaga komai. Sai a lokacin na tuna kwanon ruwan sanyi da take ajiyewa a gefe, tana tsoma yatsunta tana gogewa kafin ta taɓa fulawa. Na tuna kuma da kwalbar da take cikawa da ruwan firji ta murza kwaɓi da ita, alhali tana da katakon murzawa a rataye. Duk na gani da idona shekara da shekaru, ban san darasi nake kallo ba.

Yanzu nakan yanka botar ƙanana in mayar firji na minti 15, in murje ta da kan yatsu kawai, in tsaya tun ana ganin gutsattsarinta. Ruwan nakan zuba cokali-cokali, in dunƙula ɗan kaɗan a hannu in gani: in ya riƙe kansa, ya isa, ko da kwanon yana kama da bai gama haɗuwa ba. Wani lokaci cokali shida ne, wani lokaci bakwai, ya danganta da fulawar da kuma danshin ranar. A nan na daina jin haushin kalmar "kaɗan". Ba ta da lambar da za ta rubuta, domin lambar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Daga nan kwaɓin ya huta a firji awa guda, a raba shi biyu, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama.

Jiƙewar ƙasa ta fi ba ni wahala, kuma nan kam na ɗan kauce wa hanyarta. Tuffa mai zaƙi da laushi takan narke ta zama ruwa, shi ya sa ta rubuta masu tsami. Ni koren nan Granny Smith nake samu, kuma yana riƙe jikinsa a wuta. Nakan yanka wajen kilo ɗaya, in zuba suga giram 100, ƙaramin cokali na kirfa da ruwan rabin lemon tsami don kada ya yi baƙi, in bar shi rabin awa. Suga yakan jawo ruwan tuffar waje. Wannan ruwan nakan tsiyaye in dafa shi a ƙaramar tukunya har ya yi kauri, in mayar, in haɗa da sitacin masara cokali biyu. Ban taɓa ganin Kaka ta yi haka ba, kuma na daɗe ina jin kamar na ci amanarta. Da na gaya wa Goggo sai ta ce, "Ai ita ma ba yadda aka koya mata take yi ba. Kirfar ma ita ta ƙara."

Sauran aikin ba shi da wuya. A shimfiɗa kwaɓin ƙasa a faranti, a zuba tuffar, a rufe da na sama, a danne gefe da cokali mai yatsu, a tsaga sama wuri huɗu don tururi ya sami hanya, a shafa ƙwai. Minti 20 a digiri 200 a ƙasan oben, sannan a sauke zuwa 180 na wajen minti 40, har sai ruwan ciki yana tafasa ta tsagar. Abin da ya fi gwada haƙuri shi ne jira bayan an fitar. Sitacin ba ya kama jikinsa sai ya huce, don haka in aka yanka da zafi komai zai malale a faranti. Awa uku nake ba shi. Kaka takan ɗora nata a saman kabad inda hannunmu ba ya kaiwa, ta rufe da tsumma mai tsabta, mu kuwa mu yi ta kai-kawo a ƙarƙashinsa.

Awon giram na rubuta shi a wata takarda daban, ta Kaka ban ƙara mata ko ɗigo ba. Kofin kuma Goggo ta bar mini, yana cikin kwanon fulawata.

Ranar da na kai wa Baba fai na tara, ban ce masa na canza komai ba. Ya fara da gefen da aka danne da cokali mai yatsu, kamar yadda yake yi tun muna yara, ɓawon ya farfashe ya zubo masa a riga. Ya daɗe yana taunawa yana kallon farantin. Sannan ya kakkaɓe rigarsa a hankali, ya ce in yanka babba in naɗe, zai kai wa Goggo da kansa kafin dare.