Feda mai kama takalmi da ƙurar Sakkwato

Tun ina yaron shago nake gyaran keke a Sakkwato, amma sai da kekunan tsere na gwanjo suka fara shigowa na san feda mai kama takalmi. Wani ɗan ƙarfe ake ɗaurewa a ƙasan takalmin, ka taka fedar ta ce ƙas ta riƙe ƙafa, in za ka sauka sai ka murɗa diddige waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da ta farko da ta karɓu sosai a 1984, kamfanin Shimano kuma ya kawo irin tasa mai suna SPD a 1990, ita ce aka fi kawo mini.

Yawancin masu ita samari ne da ke atisaye da asuba a hanyar Wamakko. Da hunturu ya kama sai su zo: "Baba, fedar nan ta mutu, ta ƙi sakin ƙafa." Nakan ce, "Ɗana, me ka shafa mata?" Giris. Kullum giris! Ga ƙura ga rairayi, su haɗu da maiƙo su zama kamar ƙullu, su cushe sifirin da ke riƙe ƙarfen takalmin. Wannan na ba ni takaici, domin mutum na iya faɗuwa a tsakiyar titi ƙafarsa na maƙale, ga 'yan kabu-kabu a bayansa.

Tsohon burushin haƙori nake sawa da ɗan kananzir in kankare, in goge ta bushe sarai, sannan in ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan sifirin, in share ragowar. Giris wurinsa ciki ne, wajen boris da zaren da ke shiga hannun feda. In har yanzu tana da tauri, akwai ƙaramin noti na alanki mai lamba 3, a sassauta shi ta gefen alamar ragi, fuska biyun fedar daidai da juna.

Ƙarfen takalmin ma na cinyewa, musamman ga mai yawo da shi a kan kwalta. Idan ƙafa na suɓucewa ana cikin tafiya, shi nake fara dubawa, da notinsa biyu. Sabon shiga kuwa ƙarfen takalmi mai lamba SH56 nake ba shi shawara, ya fi SH51 saurin saki.

Fedar hagu zarenta a juye yake. Wani yaro ya taɓa kwance ta irin ta dama har ya cinye zaren hannun fedar wani bawan Allah, ni na biya. Tun daga ranar ba mai ɗaukar sifana 15 a shagona sai ya fara nuna mini wace ce hagu.