Na'urar da ke da wuyar buɗewa ba a cika duba ta ba

A jami'a tambaya ɗaya aka koya mana mu yi wa ƙarfe: zai jure? Na'urar da ake ɗorawa a bakin rijiyar mai don ta toshe ta idan mai da gas suka yunƙuro, wadda masu aikin ke kira BOP, matsi mai tsanani take riƙewa. Manyan da ake saukarwa ƙasan teku da yawansu na ɗaukar fam 15,000 a kan kowane inci murabba'i. Tun 1922 da James Abercrombie da Harry Cameron suka ƙera irinta a Texas, tushen aikin bai sauya ba: tubalan ƙarfe biyu masu baki na roba su matso daga hagu da dama su rungume bututu, ko su datse shi su rufe ramin.

Sauran tambayoyin a shagon gyara na same su, a Fatakwal, wurin bakanikai. Wa zai buɗe ta? A ina zai tsaya? Robar nan cinyewa take yi, dole a canza ta, kuma kafin a kai gare ta sai an kwance ƙofar gefe mai notuna masu kauri kamar damtsen mutum. Mai kwancewar yana sanye da safar hannu da ta sha laka da giris, wataƙila ƙarfe uku na dare. Wani dattijon bakanike yakan ja duk sabon injiniya zuwa gindin wata tsohuwar na'ura, ya nuna masa ramin zuba giris da ya juya wa mutum baya ya fuskanci ƙarfen firam, ya ce, "Injiniya, zura hannunka ka taɓo min shi." Ba ya ƙara komai. A takarda ramin yana nan, an cika ƙa'ida. A zahiri kuwa ya bushe ƙaf.

Ba lalaci ba ne. Duk abin da dubansa ke cin yini guda, za a samu dalilin ɗage shi zuwa gobe. A teku abin ya fi muni, don sai an ciro na'urar dungurungum, ana kwance bututun da ya haɗa ta da jirgi gaɓa bayan gaɓa, kwanaki ana yi, kuɗin hayar jirgin kuma daloli dubu ɗaruruwa a kullum. Wanda zai ce a tsaya a ciro saboda ƙaramin yoyo sai ya daure.

Shi ya sa nake yawan komawa kan haɗarin jirgin haƙar mai na Deepwater Horizon. Ranar 20 ga Afrilu 2010 rijiyar Macondo ta ƙwace a Tekun Meziko, mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana malala daga zurfin kusan mita 1,500. An fi tuna cewa bututun haƙa ya tanƙware ya kauce daga tsakiya, wuƙaƙen BOP masu datse shi suka kasa rufewa. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rahoton 2014 na hukumar Amurka mai binciken haɗurran sinadarai. Na'urar tana da akwatunan sarrafawa biyu, shuɗi da rawaya, don in ɗaya ya gaza ɗaya ya karɓa. A shuɗin an haɗa waya ba daidai ba, batir ya zuƙe. A rawayan an juya wayoyin wani bawul, naɗin waya biyu da ya kamata su taimaki juna suka koma ja-in-ja. Sai da wani batir ya mutu ya kashe naɗi ɗaya, sannan ɗayan ya samu ya yi aiki. Kuskure ne ya rufa wa kuskure asiri, kuma gwajin da aka saba yi bai tona ko ɗaya ba.

Yanzu idan zane ya zo teburina, ba na gamsuwa da a ce an tanadi hanya biyu sai an nuna min yadda za a gwada kowace ita kaɗai. Fulogin da zai iya shiga a juye, wata rana zai shiga a juye, saboda haka a yi masa baki da ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. Noti iri biyar kuma sifana biyar ke nan da za a nema cikin duhu. Ƙofofin da ake buɗewa da ƙarfin haidirolik ba tare da notuna ba sun fi tsada, kuma a ganina sun ci kuɗinsu.

A tudu ma haka ne, sai dai matsalar ta sauya kama. A filin mai irin na Agadem a Nijar, cikin hamada, zafi da rana suna lalata robar da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba tun kafin a ɗaura ta, sabuwa kuma tana nesa. A irin wurin nan nakan nace a zaɓi roba mai girman da kowane mai sayarwa ke da shi, a kuma buga lambarta a jikin ƙarfen, inda bakanike zai goge laka da babban yatsa ya karanta.