Jarin da tsada ke ci a ɓoye

Ban taɓa sha'awar kasuwanci ba. Koyarwa nake yi a wata makarantar kuɗi a Kano, albashi yana isata daidai gwargwado. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya fara lashe albashin. Da kwasar adashi ta zo kaina, sai na nufi kasuwar Singa, na saro shinkafa da sukari da taliya da jarkar man gyaɗa, na kasa a zauren gidanmu.

A layinmu kusan kowa ya motsa. Wannan ta fara suyar awara, wancan ya karɓo na'urar POS, domin ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar ya nuna wa matasa akwai samu a harkar. Matsi ne ya koro mu gaba ɗaya, kuma masu sayen namu aljihunsu a bushe yake.

Lissafin riba ne ya fi ba ni wuya. Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, wato ya bar kasuwa ta yanke darajarta, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Sai in sayar da buhu, in ƙirga in ga riba, in koma Singa uwar kuɗin da ribar duka su kasa ɗauko wani buhun. Wani dattijo da nake sari a wurinsa ya ce, "Malama, kada ki auna wa kowa sai kin bugo kin ji farashin yau." Tun daga nan kullum da safe sai na kira shi. Maƙwabta na ƙorafi, wai ai tsohon kaya ne, amma da haka jarin ya tsira.

Awo ma ya canza. Mai sayen kwano ta koma rabi, daga baya gwangwani uku. Man gyaɗa sai ƙulli-ƙulli a leda, sukari kuwa na shayin safe ɗaya. Ribar na cikin waɗannan ƙananan, sai dai suna cin leda da lokaci, kuma ta nan bashi ke shigowa. Uwa ta turo yaro da kwano ta ce sai babansu ya dawo, wallahi hanawa da ciwo.

Ƙanwata ta gama bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa, tana son buɗe nata. Na ce ta fara zama a zauren nan wata biyu tukuna, littafin bashi a hannunta.