Tankar Yaƙi: Sulke, Sarƙa da Ƙurar Hunturu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe ya ga 'yan lifida sun wuce, ya riga ya ga matsalar da maƙeran tankar yaƙi suke fama da ita har gobe. An lulluɓe doki da lifidi har gwiwa, mahayi ga kwalkwali a kai, wani ma da sulke a jiki. Kibiya ba ta huda su ta sauƙi. Amma dubi tafiyar dokin: a hankali, yana haki, gumi na jiƙa gefen lifidin. Ba a doguwar sukuwa da shi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke garin nan, kuma tun zamaninsa cinikin bai sake ba. Abin da ka ƙara na kariya, da gudu da numfashi za ka biya shi.

Kafin a yi nisa, bari a raba abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Motar da ake girkewa a shataletale lokacin zaɓe, yara su ce ga tankar yaƙi, galibi mota ce mai sulke. Tana da tayoyi, tana ɗaukar sojoji, kuma ƙarfen jikinta harsashin bindiga da ɓaraguzan bam kawai yake tarewa. Tanka kuwa a kan sarƙa take tafiya, tana da babbar igwa a cikin kai mai juyawa ko'ina, ga kauri a goshi. Nauyin T-72, wata tanka ƙirar Tarayyar Sobiyet, yakan kai tan 41 zuwa 46 gwargwadon samfuri. A lissafin 'yan siminti, tan 45 buhu 900 ke nan, lodin tirela ɗaya da rabi.

Turawan Ingila suka fara fito da ita ranar 15 ga Satumba 1916, a fagen Som da ke Faransa, lokacin yaƙin duniya na farko. Sunan ma ɓad-da-kama ne, an bar mutane suna zaton tankunan ruwa ake ƙerawa. Wannan tanka ta farko, Mark I, tana da nauyin tan 28, mutum takwas a ciki, inji mai ƙarfin doki 105, gudunta bai wuce kilomita shida a awa ba. Guda 49 aka tanada don wannan rana, 32 ne kawai suka kai wurin da za a fara kai hari, mafi yawan ragowar sun lalace a hanya tun ba su ga abokin gaba ba. A riƙe wannan adadi, domin ciwon tanka ke nan har yau. Siffar da muka sani yanzu, direba a gaba, inji a baya, kai mai juyawa a sama, daga Renault FT ta Faransa ta samo asali a 1917, 'yar ƙarama mai mutum biyu. Sai T-34 ta Tarayyar Sobiyet a 1940, wadda ta yayata dabarar kishingiɗa ƙarfe. Farantin goshinta milimita 45 ne, amma da aka karkata shi digiri 60, harsashin da ya zo miƙe sai ya ratsa milimita 90 kafin ya huda shi, sau da yawa ma ya zame ya yi sama. Jamusawa kuma a yaƙin duniya na biyu suka fito da Tiger mai tan 57, wadda ba su ƙera ko 1,400 ba, alhali T-34 ta haura dubu hamsin.

Sarƙa ita ce tankar. Amfaninta shimfiɗa nauyi: duk girman T-72, abin da take danna ƙasa da shi bai kai kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita ba, ƙasa da rabin abin da tayar ƙaramar mota take yi. Shi ya sa take ratsa rairayin da a-kori-kura za ta kafe a ciki. Kowane gefe akwai gaɓoɓi casa'in da wani abu, an haɗa su da sandunan ƙarfe, kuma sarƙa guda ta fi tan ɗaya nesa ba kusa ba. A baya akwai gare mai haƙora da ke jan ta, a gaba akwai garen da ake ɗaure ta ko sassauta ta da shi, a tsakani kuma tayoyin ƙarfe masu leɓen roba, shida a T-72, biyar a T-55 da ta riga ta fitowa. Kowace taya tana rataye da doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa ƙasan tankar, wadda take murɗewa ta dawo a madadin sifirin. Sandunan hagu daban, na dama daban, domin tun a masana'anta an murɗa kowace ta saba da ɓangarenta. Makaniken da ya musanya su bai daɗe ba zai ji ɗaya ta karye, tankar ta durƙusa gefe guda.

Rairayi yana cin sandunan gaɓoɓi kamar an sa musu zarto. Suna sirancewa, sarƙa na ƙara tsawo. Da farko a miƙa garen gaba a ɗaure ta. In ya kai maƙura, sai a kwance, a fitar da gaɓa ɗaya, kuma a kula kada gefen biyu su bambanta, in ba haka ba tanka ta riƙa ja gefe direba yana ta kokawa da ita. Sarƙar da ta yi sako-sako tana zamewa daga haƙora idan aka yi kwana mai kaifi a cikin yashi ko taɓo, domin ƙasa tana cusuwa tsakanin gare da sarƙa ta ɗaga ta. Wadda aka ɗaure fiye da kima kuma tana cinye boris, tana shan mai. Mayar da sarƙar da ta zame aikin awanni ne, da guduma da ƙarfen ɓanɓara da igiyar waya, mutum uku suna gumi, kuma in a bakin daga ne, a fili suke. Ƙwararren direba shi ne wanda yake raba kwana gida-gida a ƙasa mai laushi, ba ya juyawa gaba ɗaya a wuri guda.

Sai ƙura. Kowa a Kano ya san yadda hunturu yake yi wa gilashin mota cikin dare ɗaya. To, injin T-72 mai silinda 12 da ƙarfin doki 780 zuwa 840 yana zuƙar iska mai yawan gaske, kuma cikin ƙurar da sarƙarsa da ta tankar da ke gabansa suka tayar yake numfashi. Matatar iskar tankokin Rasha hawa biyu ce. Na farko ƙananan bututu ne da suke juya iska kamar guguwa, ƙura mai nauyi ta faɗa ƙasa, hayaƙin salansa ya ja ta waje. Na biyu faifan ragar waya ne da aka jiƙa da mai don kama ta laushi. Su ake cirewa a wanke da man gas, a bari su tsane, a sake shafa musu mai, a mayar tare da duba robar bakin murfi. In raga ta toshe, inji ya shaƙe, ya yi baƙin hayaƙi, ya rasa ƙarfi, ya ɗau zafi. Wannan ma da sauƙi, ana gani. Mafi muni shi ne robar da ta tsage, ƙura ta bi ta gefe ba wanda ya sani, ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta cinye ringi da bangon silinda. Injin da ya kamata ya yi ɗaruruwan awanni sai ya mutu a 'yan kwanaki. A ganina, duk rundunar da take ƙididdige tankokinta ba ta ƙididdige matatun iska da sandunan sarƙar da ke rumbunta ba, ba ta san adadin tankokinta ba tukuna.

Lagireto ma haka: ƙura da ciyawa suna liƙe masa, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga tsofaffin tankokin da ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Mutanen ciki sukan gaji kafin ƙarfen ya gaji.

Batun mai kuwa lissafi ne mai sauƙi. T-72 tana ɗaukar lita kusan 1,200, ban da duro biyu na lita 200 da ake ɗaura mata a baya, kuma a kan kwalta tana shan fiye da lita biyu a kilomita. A daji abin yakan kusa ninkawa. Tankoki goma, lita 12,000 a cikawa ɗaya, wato tankar mai ta lita 33,000 ba za ta cika su sau uku ba. Saboda haka ba a tuƙa tanka daga Kano zuwa Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600. A kan tirela mai ƙasa-ƙasa ake ɗora ta, don a tsimi sarƙa da inji, a kuma tsirar da kwalta. Kafin a tashi sai an san kowace gada nawa take ɗauka. Da damina kuma, baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Marte da Ngala takan zama taɓon da tanka take nutsewa har cikinta ya zauna, sarƙa tana juyawa a banza, sai an kawo wata mai ƙugiya ta ja ta.

Abin da ke huda tanka iri biyu ne. Akwai doguwar kibiyar ƙarfe mai nauyi, ba ta da abin fashewa ko kaɗan, tana fita daga igwa da gudun sama da mita 1,500 a daƙiƙa, ƙarfin gudun ne yake ratsawa. Akwai kuma irin na roka RPG-7, wanda a kansa akwai mazurarin tagulla da aka kewaye da abin fashewa. Idan ya tashi, mazurarin yana matsewa ya zama siririn tsinke mai gudun kilomita da yawa a daƙiƙa, ya huda ƙarfe mai kaurin kusan santimita 30, ramin kuma da ƙyar yatsa zai shiga. Wannan ne ya sa zallar ƙarfe ya daina isa. Aka koma jera ƙarfe da tangaran da roba hawa-hawa. Aka kawo tubalan nan da ake gani jere a jikin tanka kamar bulo, kowane da abin fashewa tsakanin faranti biyu, yana tashi ya karkatar da tsinken. Su ma suna da illa, domin sojan ƙafa da ke kusa yana iya jin rauni. Kaurin duka a goshi yake. Gefe, baya, sama da ƙasa sirara ne, don in aka kaurara ko'ina tankar ba za ta motsa ba, kamar dai dokin lifidi.

Rashawa sun rage nauyi ta hanyar cire mai ɗura harsashi, suka sa na'ura a madadinsa, mutum uku suka rage: kwamanda, maharbi da direba. Farashin shi ne harsasai 22 da albarushinsu suna jere a faifai mai juyawa a ƙarƙashin ƙafafun kwamanda da maharbi, wasu kuma a soke a lunguna. Wuta na kaiwa gare su, kan tankar yakan tashi sama gaba ɗaya. Abrams ta Amurka ta ajiye nata a bayan kai, a bayan ƙofar ƙarfe, da murfin da aka yi shi don ya ɓalle sama in sun kama. Ta tsirar da mutane, amma ta haura tan 60, injinta kuma irin na jirgin sama ne mai tsananin shan mai.

A Nijeriya, motoci masu taya aka fi yin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da su, irin su Saladin da Ferret na Ingila da Panhard ta Faransa. 'Yan Biyafara kuma suka riƙa liƙa faranti a jikin motocin aiki, wasu suna nan a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Daga baya aka sayo tankoki: Scorpion da T-55 da Vickers Mk 3 mai igwar milimita 105, sai T-72 da rikicin Boko Haram ya tsananta, sai VT-4 ta Sin a 2020, mai tan 52. Makarantar wannan fanni tana Bauchi. Abin da ke damuna a jerin nan shi ne yawan iri. Harsashin milimita 100, da 105, da 125, ba wanda yake shiga igwar wani. Inji daban, sifana daban, littafin gyara daban. Mai shago a Ƙofar Ruwa ya san wahalar ajiye kayan mota iri biyar, balle abin da ba a samunsa a kasuwa sai an yi odar ƙasa da ƙasa.

Kuma yaƙin da ake yi a arewa maso gabas ba na tanka da tanka ba ne. Bam ɗin da aka binne a hanya yana kashe sojoji da yawa, shi kuwa ta ciki yake duka, inda tanka take shimfiɗe kuma siririya. Maganin da Afirka ta Kudu ta fito da shi a motocin Buffel da Casspir shi ne ciki mai tsini kamar ƙasan kwalekwale, an ɗaga shi sama da ƙasa sosai, ƙarfin fashewa ya tsage biyu ya fita gefe. Taya ta tafi, mutane su rayu. Kujeru ma ba a kafa su a daɓe, daga rufi ko bango ake rataye su don kada bugun ya karya ƙafa da ƙashin baya. Irin wannan ce Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, aikin DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati, da injiniyoyin soja. Illarta tsayi: tana saurin kifewa a kwana ko a gefen hanyar da ruwa ya zaizaye, don haka direbanta yana buƙatar horo na musamman.

Maƙwabtanmu na Chadi sun nuna wani abu a garin Fada na ƙasarsu, cikin Janairu 1987. Da motocin Toyota da makami mai linzami na MILAN, wanda ke kaiwa kilomita biyu, suka ƙona gomman tankokin Libiya, don sun fi su gudu kuma ta gefe suke zuwa. Mutumin da ke cikin tanka a rufe ta 'yan tagogin gilashi yake leƙe, abin da ke dab da shi ba ya gani, sai in da sojojin ƙafa da ke zame masa ido. Tun 2022 a Yukiren haɗarin ya koma sama, ƙananan jirage marasa matuƙi suna sauka a kan rufi da murfin inji. Sojoji suka shiga yi wa tankoki rumfar ƙarfe da raga, aikin da duk mai walda zai gane. Sai dai yana da ƙa'ida. Dole a bar tazara tsakanin raga da jiki, kada rumfar ta hana kai juyawa, kada ta tare madubin maharbi, kuma kada ko sanda ɗaya ta gitta saman ƙofar da mutum uku za su fita ta cikinta in wuta ta kama.