Asabar a kan tudun Mam Tor, cikin hunturun Ingila

Yau tun duhun asuba na tashi, don a Disamba a nan rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kuma kafin 4 na yamma ta faɗi, wanda zai hau dutse dole ya yi sammako. Mun haɗu da 'yan ƙungiyarmu ta tattaki a tashar jirgin ƙasa ta Sheffield, tafiyar wajen rabin awa ce zuwa Edale, wani ɗan ƙauye a cikin Peak District, yankin da Birtaniya ta fara ayyanawa a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951. Muna sauka sanyi ya ce salamu alaikum, ciyawa duk ta yi fari fat da raɓar da ta daskare.

Jagoranmu dattijo ne, ya daɗe a harkar, kuma ba ya barin a ɗaga ƙafa sai ya bi kowa da kallo tun daga takalmi har hula. A nan ya tsaya kan wani ƙanenmu ɗalibi da ya zo ƙasar a watan Satumba, ya sha wandon jins da kambas da wata ƙatuwar jaket mai kauri. Ya tambaye shi me ke ƙarƙashin jaket ɗin, ya ce singileti da rigar auduga. Dattijon ya ce masa auduga tana shan gumi ta riƙe, kana tsayawa iska ta buga ka sai ta koma kamar ka yafa jiƙaƙƙen tsumma, jins ma haka, in ya jiƙe ba ya bushewa sai an dawo gida. Ya buɗe jakarsa ya ba shi rigar ciki ta ulu da wandon ruwa da yake ɗaukowa saboda irin haka. Wallahi abin ya burge ni, ba faɗa ba kunyatarwa.

Ni kam abin da na saka: rigar ciki ta ulu mai kama jiki, suwaita mara nauyi a kai, sai rigar ruwa mai tare iska daga waje. Amfanin hawa uku ɗin shi ne kana iya ragewa, mun fara hawa ba a yi minti ashirin ba kowa ya tsaya yana tuɓe suwaita yana cusawa a jaka, don gumi shi ne babban abokin gaba a wannan tafiya, ya fi sanyin kansa haɗari. Takalmi kuma but mai tsagi a ƙasa wanda ya rufe idon sawu, da safa mai kauri da wata ta canji a cikin leda. A jaka akwai safar hannu, tocilar goshi, filas na shayi mai citta da kanumfari, dabino, ruwa, da taswirar takarda saboda sanyi yana cinye cajin waya da wuri.

Mam Tor tsayinsa mita 517 ne kawai, amma iskar da ke samansa ba ta wasa. An shimfiɗa duwatsu masu faɗi a hanyar, yau duk sun yi santsi da ƙanƙara, sai taku ɗaya ɗaya muke, masu sanda suka fi kowa jin daɗi. Daga sama ana hango tsohuwar kwaltar da zaizayar dutsen ta yi ta karyawa har hukuma ta haƙura ta rufe ta a 1979, ga ta nan a tsattsage, can gaba kuma ga dogon bututun kamfanin siminti na Hope. Ta ɗaya ɓangaren dutsen Kinder Scout ne, mita 636, hazo ya rufe kansa.

Sai muka bi doron tudun zuwa Hollins Cross. A nan wata Hajiya da ke cikinmu ta fara ja baya, gwiwa na damunta, take cewa mu wuce kawai za ta biyo mu a hankali. Dattijon ya ce, "Hajiya ai ba a haka, tare muka fito tare za mu koma," ya sa ta a gaba kusa da shi, kowa ya rage sauri, ɗalibin nan ya karɓi jakarta. Wannan ne dalilin da ya sa nake son fita cikin jama'a lokacin hunturu, mutum ɗaya in ya gurɗe ƙafa a can sama duhu ya same shi, sai dai ya kira 999 a turo masu ceto, su ma 'yan sa kai ne da za su bar gidajensu su fito cikin wannan sanyi.

Mun sami gindin wata katangar dutse da ke tare iska muka yi azahar, da alwalarmu tun daga gida, muka shimfiɗa rigunan ruwa a kan ciyawa, goshi na taɓa ƙasa sai ka ji sanyin har cikin haƙori. Kafin mu gama shan shayi da cin dabino la'asar ta kusa, don kwanakin nan tana shiga tun kafin ƙarfe 2, sai muka ɗan jira muka yi ta, kowa ya mayar da suwaita da hula. Turawan da ke wucewa da karnukansu sai dai su ɗaga mana hannu.

Bayan tuddan Back Tor da Lose Hill sai gangara zuwa ƙauyen Hope, nan taɓo ya yi mana sallama, laka har idon sawu a bakin ƙofofin gonakin tumaki, kambas ɗin ɗalibinmu ya jiƙe sharkaf, Allah ya sa akwai safar canji. Mun isa tasha ana dab da magariba, tafiyar ta kai wajen kilomita 10.

A jirgi aka tsayar da maganar Kinder Scout a watan Janairu in yanayi ya yi kyau, dattijon ya ce wannan karon ba mai zuwa sai da but da tocila. Na yi wa ɗalibin alkawarin raka shi shagunan gwanjo ranar Litinin in Allah ya kai mu, ana samun kayan ulu da rigar ruwa da araha a can, takalmi ne dai gara ya daure ya sayi sabo daidai ƙafarsa.